Darasin Wannan Fitowa: Yadda Za Mu Sami Natsuwa Idan Ana Ruwa

 Idan aka gaishe mu da “Yaya ruwa?” mukan amsa da “Ruwa ya yi gyara.” Amma a zaman da muke yi da iyalai a ofishin kare haƙƙi, mun sha jin wata amsa daban. Akwai uwar da ba ta runtsawa idan hadari ya haɗo. Akwai yaron da ke shigewa ƙarƙashin tabarma da zarar an yi tsawa, domin ƙarar ta yi masa kama da ta daren da aka gudo. Wannan ba rashin imani ba ne, ba kuma ragwanci ba ne. Jikin da ya taɓa ganin tashin hankali yakan zauna cikin shiri ko da haɗarin ya wuce.

Damina a nan Tignère doguwa ce. Muna bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga teku, kusa da tsaunin Cabbal Mbabo. Ruwa kan fara wajen Afrilu, lokacin da mutanen Garwa ke fama da zafin bazara, ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba. Ke nan fiye da rabin shekara muna tare da shi. Tun da ba za mu iya tsayar da shi ba, gara mu koyi zama da shi.

1. Me ke faruwa da zuciya?

Idan ruwa ya tsare mu a ɗaki, hannu ba aiki, sai tunani ya kama hanya. Ya koma baya, wajen gida da gona da shanun da aka bari. Ko ya yi gaba, wajen takardu da abincin gobe. Jiki yana nan, hankali yana can. Natsuwar da muke magana a kai ita ce dawo da hankali wurin da jiki yake, a wannan lokacin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafi mai hotuna a 2020 da ke koyar da irin wannan dabara. An gwada darussansa a Yuganda da mata kusan 700 ’yan gudun hijirar Sudan ta Kudu, aka ga damuwarsu ta ragu. Mutane ne irinmu, a matsuguni irin namu.

2. Gwaji na minti biyar

Idan ruwa ya sauko, mu zauna inda ba ya yoyo, mu yi waɗannan:

Mu dafa tafin ƙafa a ƙasa sosai, mu ji sanyinta.

Mu fitar da numfashi a hankali har ya ƙare, sannan mu bar iska ta shigo da kanta. Sau uku.

Mu saurara. Ruwa ba murya ɗaya gare shi ba. Yadda yake bugun kwano daban, yadda yake bugun tamfol daban, ɗigonsa cikin bokiti daban. Mu nemo sauti uku.

Mu shaƙi ƙamshin ƙasa. Wasu ƙananan halittu da ke cikin ƙasa ne ke samar da shi, ruwa ya tashe shi. Shi ya sa ƙamshin nan ɗaya ne da na garin da muka baro.

Mu miƙa hannu waje, ɗigo ya taɓa shi. Mu lura: sanyi ne, da nauyi ko ba nauyi?

Tunani zai sake kwashe mu, ba makawa. Kada mu yi faɗa da shi. Mu ce a zuci, “Ga tunanin nan ya dawo,” sannan mu koma sauraron ruwa. Komawar ita ce aikin. Ranar farko da wuya, amma yau da gobe jiki yana sabawa.

3. Tsawa da yara

Haske ya fi sauti sauri, shi ya sa walƙiya ke riga tsawa isowa. Sauti yana cin kilomita ɗaya cikin kamar daƙiƙa uku. To, mu mayar da wannan wasa. Da an yi walƙiya, mu rungumi yaro mu ƙirga tare: ɗaya, biyu, uku. Idan mun kai tara kafin ƙara, tsawar tana nesa da kilomita uku. Yaron da ke ƙirga ya san ƙara na zuwa, ba za ta zo masa ba zato ba. Kuma ya san sunanta: tsawa ce, ba bindiga ba. Manya ma wannan ƙirgen yana yi musu amfani.

4. Daɗin damina

Ba a banza aka ce damina uwar albarka ba. Lokacin gasasshiyar masara ne da dafaffiyar gyaɗa da shayi mai zafi. Lokacin dara ne da tatsuniya da kitso. Mu kira maƙwabciyar da ke zaune ita kaɗai, ko tsohon da ba shi da kowa, mu sha kunu tare. Jin daɗi na ɗan lokaci ba cin amanar waɗanda muka rasa ba ne.

Ga wani abin tunawa. Ruwan da ke gangarawa arewa daga tsaunukan nan yana shiga kogin Faro, Faro ya zuba cikin Binuwai, Binuwai ya ratsa Yola, ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Shi ma matafiyi ne da ya tsallaka iyaka, kuma duk inda ya bi yana barin tsiro.

5. Natsuwa ba sakaci ba ce

Hankali ba ya kwanciya sai an yi tanadi. Mu gyara rufi, mu haƙa lambatu kewaye da ɗaki tun kafin hadari. Kada mu fake ƙarƙashin bishiya idan ana tsawa. Kada mu bar yara su tsallaka rafi bayan ruwa, ko da an ga kamar bai cika ba. Mu zubar da ruwan da ya kwanta a gwangwani da tsofaffin tayoyi, nan sauro ke haihuwa. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓi ya kama yaro, a kai shi asibiti a ranar.

Idan rashin barci ko firgita ya ɗauki makonni, ko ya hana mutum kula da kansa da ’ya’yansa, ko ya fara jin rayuwa ta ishe shi, to ya zo ofishinmu ko asibiti. Akwai tafinta, kuma maganarsa sirri ce.

Aikin wannan mako

Kowane gida ya gwada zaman minti biyar sau uku. A taro mai zuwa za mu tambayi juna: wane sauti kuka ji? Yaranku sun ƙirga har nawa?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu amsa gaisuwar ruwa da zuciya ɗaya.