Ladan Aiki Ko Riba?

'Yan'uwa Musulmi, idan banki ya yarje wa ɗan kasuwar Gaya ko manomin Ajingi ya ciri fiye da ajiyarsa, rance ne ya ba shi. Ƙarin da zai ɗora masa gwargwadon kwanakin bashin riba ce, amma ladan aiki na gaskiya halal ne. Babban Bankin Nijeriya ya ƙayyade kuɗin da bankuna za su yanka, ya kuma kafa sashen kare masu ajiya a 2012. Ƙayyadewar hukuma tana rage zalunci, amma ba ta halatta riba. Wanda aka cuta ya fara rubuta wa bankinsa, in bai sami biyan bukata ba, ya kai kuka wannan sashe. Allah ya kiyashe mu, amin.