Darasi Na Tara: Shirin Sallah Da Zaɓen Kayan Iyali Ba Tare Da An Ci Jari Ba

Lokaci: awa ɗaya, bayan an gama zubi an kulle akwati.

Kayan aiki: tsakuwa 20 ko ƙwayar wake 20 ga kowace mace, da tabarma ko faifai.

Abin da muke so a sani a ƙarshen darasi: yaushe ake fara tarin kuɗin sallah, wa za a fara yi wa saye, da yadda ƙungiya za ta taimaka sallah ta wuce ba ta bar kowa da bashi ba.

Dalilin wannan darasi

'Yan uwana mata, a zagayen da nake yi na ƙungiyoyi tsakanin Batsari da Safana, daga Ruma da Wagini har Runka da Zakka, na lura da abu guda. Makonnin da suka biyo bayan sallah su ne lokacin da zubi ya fi yin rauni, kuma su ne lokacin da aka fi jin "a yi mini haƙuri sai mako mai zuwa" wajen biyan rance. Ba lalaci ba ne. Kuɗin da ya kamata ya juya a ƙuli-ƙuli ko awara ko sayar da itace shi ne ya tafi wajen tela da mai takalma.

Ba na cewa kada a yi wa yara sabon kaya. Duk uwa ta san yadda zuciyarta ke yi idan 'ya'yan maƙwabta sun fito yawon sallah fes-fes, nata suna laɓe a bayan ƙyaure. Abin da nake cewa shi ne sallah ba ta zuwa ba zato. Mun san za ta zo, to mu shirya mata kamar yadda muke shirya wa damina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsarin nan namu na akwati mai makulli uku ya samo asali ne nan kusa da mu, a yankin Maradi, inda ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara. Dubarar kuwa ita ce a tara kaɗan-kaɗan tun kafin buƙata ta taso.

Mataki na farko: ki san lokacin

Kowace shekara sallah tana matsowa da kamar kwana goma ko sha ɗaya. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, Babbar Sallah ranar 16 ga Yuni. A 2025 kuma Ƙaramar ta faɗo 30 ga Maris, Babbar 6 ga Yuni. Kun ga ke nan a 'yan shekarun nan sallolin biyu suna faɗowa ne a bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ga kuma kuɗin iri da taki yana jiran mu da zarar ruwa ya sauka. Naira ɗaya ce ake ja mata ta fuska uku.

Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kusan mako goma ne kacal. Wadda ta ƙarar da komi a ta farko, ta biyun za ta same ta hannu wofi. Amma daga Babbar Sallah zuwa Ƙaramar Sallah ta gaba akwai kusan mako arba'in. Nan ne filin tari yake.

Ga misali. A ce abin da kike buƙata duka Naira 36,000 ne. Idan kin fara ajiya da an gama cin naman layya, Naira 900 ce a mako. Idan sai watan azumin tsofaffi kika fara, saura mako 12, ya zama Naira 3,000 a mako. Idan kuwa kika bari sai an ɗauki azumi, Naira 9,000 za ki nema duk mako, ga cefanen buɗa-baki a kanki. Kuɗin bai canza ba, nauyinsa ne ya canza.

'Yan uwanmu Kirista da ke cikin wasu ƙungiyoyi, lissafin nan naku ne ku ma. Kirsimeti ba ya motsi, 25 ga Disamba ne kullum, kuma yana zuwa ne bayan kaka. Haɗarinsa shi ne a kwashi hatsi a kai kasuwa lokacin da ya fi arha don a yi ɗinki, sannan a dawo ana sayensa da tsada a bazara. Wadda ta fara tari tun damina ba za ta taɓa rumbu ba.

Mataki na biyu: ki jera buƙatu bisa nauyinsu

Ni dai kashi huɗu nake raba su, kuma jerin yana da muhimmanci.

Na ɗaya, abin da addini ya ɗora da abincin gida. Zakkar fidda-kai mudun Annabi huɗu ce a kan kowane mutum, daga abincin da aka fi ci a gari, ana fitar da ita kafin a tafi idi. Maigida ne ke fitarwa, amma inda mace ce ke riƙe da gida, ta ware wannan hatsin tun da kaka ta ɗaure bakin buhun. Layya kuwa ga mai iko ce. Kada a cinye jari don a ce gidan wance ma an yanka.

Na biyu, suturar yara.

Na uku, kyautar manya da dangi.

Na huɗu, kanki: zane, lalle, kitso. Na sa shi a ƙarshe, amma ban ce a share shi ba. Mace ta yi wata guda tana tashin sahur tana surfe da girki, ta cancanci ko da ɗankwali sabo ne.

Kafin ki sa ko sisi, ki zauna da maigida. Ciyarwa da tufatar da iyali nauyinsa ne, abin da kika sa taimako ne. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki ce masa: "Malam, ga abin da yara ke buƙata bana. Wanne za ka ɗauka, wanne zan taimaka da shi?" Wannan magana a yi ta tun da sauran wata biyu ko uku. Wadda aka yi daren sallah faɗa take zama.

Mataki na uku: wa za a saya wa mi?

Yara. Ki fara duba abin da ke cikin jaka ko adaka. Rigar yaya ta bara, idan an wanke an gyara ɗinki, ƙane zai sa ta da murna. Sannan ki saya wa wanda ba shi da komi. Ki zaɓi abin da zai yi aiki bayan sallah: takalmin da za a je makaranta da shi, hijabin da za a sa a Islamiyya, yadin da ke jure wanki. Ki ce wa tela ya ɗan saki ɗinkin, ya bar lanƙwasa a ƙafar wando, don yaro girma yake yi. Turmin atamfa yadi shida ne, yakan ishi ƙananan 'yan mata biyu ko uku idan ba a yi ɗinki mai cin yadi ba. Gwanjo mai kyau ma ba abin kunya ba ne.

'Ya'yan abokiyar zama da 'yan riƙo da marayu. A nan ne sallah ta fi haddasa ɓacin rai a gidajenmu. Yaro ba ya mance ranar da aka raba kaya aka tsallake shi. A garuruwan nan namu, bayan abin da rashin tsaro ya yi mana, da wuya ki sami gidan da ba ya riƙe da ɗan wani. Idan abin hannunki ba zai kai ki yi wa kowa ɗinki ba, ki sayi abu ƙarami iri ɗaya da zai zagaya kowa, ko hula ce ko ɗan kunne ko silifa. Idan kuna shiri da abokiyar zamanki, ku haɗa kuɗi ku yanko yadi ɗaya a yi wa yaran gida anko. Ya fi arha, kuma ya fi kwantar da hankalin gida.

Iyaye da surukai. Tsohuwa ba ta cika damuwa da yayi ba. Abin da za ta yi amfani da shi take so: sabulu, man shafawa, goro, zane mai kauri saboda sanyi, ko kwanon tuwon sallah da nama mai laushi. Ki daidaita tsakanin Innarki da uwar mijinki gwargwadon hali, don ana lura.

Ɗiyar da ke gidan miji, musamman sallarta ta farko. Ita kayan miya sun fi mata amfani: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kwalbar man gyaɗa. Duk waɗannan da hannunki kike yin su, kuma tun da kaka za ki iya ware nata.

Barka da sallah ta yaran unguwa. Ki ƙayyade tun farko nawa za ki kashe a nan, ki nemi canji da wuri. Idan babu kuɗi, cincin ko alewa ko daƙuwa sun wadatar.

Ga tambayoyi uku da nake so kowace ta riƙa yi wa kanta a bakin rumfa: Wa zai yi amfani da wannan? Zai kai wata shida? Don shi nake saye, ko don kada a yi da ni?

Mataki na huɗu: saye da wuri

Da azumi ya raba tsakiya, yadi da takalma suna tashi, tela kuma ya cika da aiki har ya fara ɓoye wa mutane. Ki sayi yadi tun kafin azumi, ki kai ɗinki a makon farko, ku yi ciniki a gaban shaida, ki ba da rabi, sauran sai kaya sun fito.

Akwai wani dalili kuma da mu mutanen nan muka sani. A 2021 gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu saboda tsaro, aka kuma katse layukan waya. A farkon 2023 takardar kuɗi ta ɓace saboda canjin Naira, ana gab da azumi. A tsakiyar shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi. Wadda ta jira kasuwar ƙarshe ba ta da tabbacin za ta ci. Abin da ke cikin ɗakinki shi ne naki.

Rawar da ƙungiya za ta taka

Asusun sallah. Ƙungiya na iya amincewa a buɗe wata jaka daban cikin akwati, kowace ta riƙa sa abin da ta iya bayan zubinta na mako, magatakarda ta rubuta a shafi na musamman. Ba a ba da rance daga ciki, kuma ana buɗe ta ne mako biyu kafin azumi.

Sayen haɗin gwiwa. Mata goma su haɗa kuɗi a sari sabulu, sukari, fulawa ko yadi a Katsina ko Dutsin-ma, ya fi kowace ta saya ɗai-ɗai, kuma kuɗin mota na mutum biyu ne kawai. A tura mata biyu, kada a tura ɗaya. Su tafi da safe su dawo da rana tsaka, su yi bayanin kowace Naira a gaban taro.

Rance. Shawarata ita ce kada a ɗauki rancen akwati don kayan sawa. Rance ana biyansa ne daga riba, riga kuwa ba ta kawo riba. Amma rance don sana'ar sallah yana da kyau: mai ƙunshi ta sayi lalle, mai kitso ta shirya, mai keken ɗinki ta sayi zare da allura, mai suya ta sayi fulawa da mai. Lokacin da kowa ke kashewa, ke ki zama mai karɓa. Asusun taimakon gaggawa kuma na ciwo ne da rasuwa da gobara. Sallah ba gaggawa ba ce.

Rabon ƙarshen zango. Idan rabonku zai faɗo kusa da sallah, kowace ta kasa kuɗinta uku tun kafin ta tashi daga tabarma: na jari, na iri da taki, na sallah. Kada a yayata ranar rabo a gari, kuma kada a bar kuɗi mai yawa ya kwana a akwati.

Aikin da za mu yi yanzu

Kowace ta ɗauki tsakuwarta 20, a matsayin duk kuɗin sallarta. A zana gida huɗu a ƙasa: abinci da zakka, yara, manya da dangi, kaina. Ta raba tsakuwar yadda ta ga dama. Sai mai jagorantar darasi ta ce: "Kaya sun yi tsada, kowace ta cire tsakuwa biyar." A duba daga wane gida kowace ta cire, ta faɗi dalilinta. Babu mai yi wa wata dariya.

Tambayoyin tattaunawa

1. Sallar da ta wuce, mako nawa kika yi kafin sana'arki ta dawo daidai?
2. Wace kyauta aka taɓa yi miki mai arha da har yau kike tunawa da ita?
3. A cikinmu akwai wadda ke riƙe da marayu ita kaɗai? Mi ƙungiya za ta iya yi mata ba tare da an kunyata ta ba?

Aikin gida

Kafin taro mai zuwa, kowace ta ƙirga mutanen da take son yi wa wani abu, ta duba kayan da ke gida, ta tambayi farashi a kasuwa, ta yi magana da maigida ko wanda ke taimaka mata. Ta zo da lamba ɗaya: nawa za ta iya ajiyewa a mako. A taron za mu kaɗa ƙuri'a kan buɗe asusun sallah. Hausawa sun ce sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Allah Ya sa bana ta wuce ta bar mu da jarinmu, Ya kuma ba mu zaman lafiya a garuruwanmu.