Darasin lafiya: wace ƙofa za a nufa, kuma a wace rana?

 

Ni malamin gona ne, ba likita ba. Amma yawon gonaki ya nuna mini abu guda: abin da ke raba manomi da gonarsa a watan Agusta ba tsutsa ba ce kaɗai, har da ciwon da aka kai ƙofar da ba tasa ba, ko aka kai shi a makare. Shi ya sa darasin wannan karo ya bar zancen taki da iri. Wanda ya iya karatu ya karanta ma sauran da ƙarfi.

Bara akwai wani manomi da muke gwajin irin wake a gonarsa. Ran Laraba ɗansa mai shekara 3 ya kwana da masassara. Uban ya sayi ƙwaya wurin mai tebur, ya koma maimai. Ya ce a bari sai Lahadi, ranar kasuwar Mirya, ya kai akuya ya kai yaro, tafiya guda biyan buƙata biyu. Kafin Lahadi tafin hannun yaron ya yi fari fat. A bisa hanya ya fara jijjiga. Masu gadin asibiti suka karɓe shi, aka ce sai an ƙara jini, uban ya ba da nasa. Allah ya yi da sauran kwana, yaron ya tashi. Amma kuɗin akuya sun tafi, uban ya yi kwana 8 ba ya gona, ciyawa ta danne waken. Alhali daga gidansa zuwa ɗakin shan magani na ƙauye tafiyar ƙasa ba ta kai sa'a guda ba.

Gidajen likita na ƙasarmu kamar matakala suke. Matakin farko yana cikin ƙauye. Akwai rele, wato mutumin gari da aka horar don ya duba yara a ƙauyukan da ke nesa da likita. Akwai kuma ɗakin shan magani, kaz-da-sante, irin waɗanda aka fara ginawa da yawa tun 2001. Tsofaffinmu sun tuna sakuris na shekarun 1970 da akwatinsa na nibakin. Aikin ya sake. Nibakin ta daina kashe masassarar yankinmu, an bar ta. Yau ana tsaga yatsa kaɗan, a ɗiga jini a wani ɗan allo, cikin minti 15 ko 20 a san ko masassarar cizon sauro ce. In ita ce, a ba da maganin kwana 3. Masassarar yaro, zawo, tari da mura, ƙaramin rauni, duk nan ne ƙofarsu. Kada masassarar yaro ta kwana biyu ba a kai shi ba. Ranar da ta fara, ko wayewar gari, ita ce ranar zuwa.

Mataki na biyu shi ne CSI, wadda muke ce ma likita kawai. Can ne majo yake, wato shugaban masu jiyya, can kuma ake samun sajifam, ungozomar likita. Awon ciki, haihuwa, rigakafin yara, ɗinkin rauni, tsarin iyali da jiyyar tamowa, duk aikinsu ne. Abin da ya fi ƙarfin kaz-da-sante, nan ake turo shi.

Mataki na uku shi ne asibitin gunduma a Mirya, inda lokotoro yake, da ɗakin awon jini da gadajen kwanciya. Sama da shi sai Damagaram, kamar kilomita 20 daga Mirya: babbar asibitin ƙasa, da asibitin uwa da yaro. Can ne ƙwararru suke, na ido, na ƙashi, na mata, na tiyata.

Mutane da yawa suna ganin wayo ne su tsallake matakan ƙasa, su nufi Damagaram kai tsaye. Ni a ganina hasara ce, sai fa in ciwon gaugawa ne. Ka biya mota, ka kwana gidan dangi, ka shiga layin da ba ka san kansa ba, a ƙarshe a ba ka maganin da ke akwai a garinku. In kuwa majo ne ya tura ka, zai ba ka takarda. Cikinta an rubuta abin da aka gani da abin da aka riga aka ba ka. Da ita lokotoro ba ya fara aiki daga tushe, kuma an san ɗakin da za a nuna maka. Wannan takarda ku riƙe ta kamar takardar gona. In an sallame ku, ku nemi amsar lokotoro ku kawo ma majo, don shi ne zai ci gaba da bin ku a gida.

To, akwai ciwon da ba shi da rana, ba shi da layi. Yaron da ke jijjiga, ko ya ƙi nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in yana numfashi. Mai cikin da ta ga jini, ko kanta ke sara ƙafafu da fuska sun kumbura, ko naƙuda ta wuni ta kai dare ba haihuwa. Waɗannan ko tsakar dare ne, ko ranar Salla, a ɗaure amalanke ko a kira kabu-kabu. Akwai mai gadi a likita. In kun isa kada ku zauna bayan layi don kunya. Ku je ƙofa ku faɗi abin da ke akwai. Ina roƙon matan gida su yi wannan zance da mazansu tun yau: in maigida yana gona ko ya tafi cin rani, izinin fita ya zama an riga an ba da shi. Doguwar naƙuda a ɗaka ita ke kawo yoyon fitsari, ita ke kashe ɗa a ciki.

Bari in daɗe kaɗan a kan abin da ya shafi aikina. Duk shekara ana feshin wake, duk shekara kuma sai na ga wanda ya yi feshi ba riga, ko ya zuba ruwan sha a galan ɗin magani. In mai feshi ya fara zufa da yawu, ido na ruwa, ciki na murɗa, jiri na ɗibarsa, guba ce. A fitar da shi daga gonar, a tuɓe tufafin, a wanke jiki da ruwa da sabulu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa nono ko mai. A kai shi likita nan take, kuma a tafi da kwalbar ko ledar maganin. Sunan da ke jikinta shi ke gaya ma majo irin gubar. Ba tare da ita ba, laluɓe zai yi. Haka cizon maciji: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin igiya. A kwantar da mutum, kada ya taka ƙafar, a ɗauke shi. Wanda hauya ko ƙaya ta huda ma ƙafa kuwa, ya je a wanke, a duba zancen allurar tetanos, ciwon nan da ke ɗaure muƙamuƙi ya sandarar da jiki.

Ban ce a zagi maɗori ko wanzami ba, maƙwabtanmu ne. Amma karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce. Ƙwayar tebur kuwa, da ke wuni cikin rana a kasuwa, mai sayar da ita bai auna kowa ba.

Saura ciwon da ke da rana. Shi ne wanda ake yanka ma randebu, wato ranar da likita ya ce ka dawo. Nan ne mu manoma muka fi sakaci, don in jiki ya yi sauƙi sai mu ce an gama. Mai ciki ta fara awo tun watannin farko, ba sai ciki ya tsufa ba, kuma ta koma duk ranar da aka rubuta, don a nan ake ba ta maganin ƙarin jini da na kariyar masassara. Jariri yana da ranar haihuwa, da sati 6, sati 10, sati 14, da wata 9, da abin da aka ƙara a katinsa. Da damana masu rabon maganin kariyar masassara suna bin gidaje wata-wata don yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Suna ba da na ranar farko, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa yake. Wanda tari ya wuce masa sati 2 ya je a auna majinarsa. In tarin fuka ne, magani kyauta ne, amma na wata 6 ne. Wanda ya bari a wata na biyu don ya ji ƙarfi, ciwon zai dawo, kuma yana iya ƙin jin magani.

Kowace likita tana da ranakunta, na awo dabam, na rigakafi dabam. Ku tambayi majo ko ɗan kwamitin lafiya na garinku. Ƙwararrun Damagaram ma ba kullum kowa ke ganin mutane ba. Kafin ka sayar da tiya 10 ta hatsi ka hau mota, ka roƙi majo ya bincika maka ranar, ko ka sa ɗan uwa da ke birni ya je ya tambaya ya kira ka a salula. Asabar da Lahadi na masu gaugawa ne, ran Juma'a kuma aiki kan tashi da wuri. Ka yi sammako. In za a auna jini, ka tambaya tun farko ko sai ba ka ci kome ba.

Ka tafi da karne, da tsohuwar takardar magani, da kwalin duk abin da ka sha, har na gargajiya ka faɗe shi. Likita ba alƙali ba ne. Kafin ka shiga ka shirya amsa: yaushe ya fara, ina ke ciwo, me aka sha. In yaro ne, wadda ta kwana da shi ita ta fi dacewa ta yi bayani. Kafin ka fito ka maimaita a gabansa: ƙwaya nawa, sau nawa a rana, kwana nawa, yaushe zan dawo. Tun 2006 doka ta ce jiyyar yaro ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne a gidajen likita na gwamnati. Duk da haka magani kan yanke wani lokaci, a rubuta maka ka saya a farmasi. A ajiye ɗan abu a gefe tun kaka saboda haka.

Ga aikin wannan mako, ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci. Likita yana rubuta ranar dawowa da lamba: 14/08, wato ran 14 ga wata na 8, Agusta. Lambar farko rana ce, ta biyu wata ne, kuma watan nasara ne, ba na sama ba. Kowa ya shiga gida uku na maƙwabta, ya ce a fiddo karnen yara da na masu ciki. Ya karanta ranar, ya gaya ma uwar saura kasuwa nawa. Wadda ranarta ta riga ta wuce, ta je duk da haka. Ba a sake rigakafi daga farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba.