Hutu a Jirgin Ruwa: Shawarwari ga Iyalan Gombe

Gombe ba ta da teku, kuma ruwa mafi faɗi da yawancinmu muka sani shi ne na madatsar Dadin Kowa. Amma masu zuwa Umara da 'yan kasuwar da ke zirga-zirgar Dubai da Masar sun fara dawowa da labarin hutu a cikin jirgin ruwa. A watan Disamba na 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Aroya, wanda ya fara tashi daga Jidda zuwa cikin Bahar Maliya. Yana ɗaukar fasinja sama da 3,000, kuma ba a sayar da giya a cikinsa. A Masar kuwa akwai jiragen Kogin Nilu da ke yin kwana 3 ko 4 tsakanin Luksor da Aswan. Kuɗin tafiyar ba kaɗan ba ne, saboda haka asara ce maigida ya biya, sannan iyali su je su kulle kansu a ɗaki don tsoro ko kunya.

1. A fara gwada ruwa a gida. Dadin Kowa ba ta kai tafiyar awa guda a mota daga Gombe ba. A kai yara su ga Kogin Gongola, in za a shiga kwalekwale a shiga da rana, kowa da rigar kariya, tare da matuƙi ɗan gari wanda ya san inda dorina ke fitowa, don akwai su a yankin. Nan za a gane mai jiri da mai firgita.

2. A duba takardu tun kafin a biya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, a riƙe katin rigakafin shawara. Idan jirgin zai bar Saudiyya ya tsaya a wata ƙasa ya dawo, a tabbatar bizar tana ba da damar sake shiga. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyu da za ta kai mako 24 kafin tafiyar ta ƙare, haka ma jaririn da bai cika wata 6 ba.

3. Kada a tsallake atisayen ranar farko. Bayan haɗarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara doka: dole a nuna wa fasinja wurin taruwarsu tun kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Alamar gaggawa ita ce busa gajera 7 da doguwa 1. Kowane yaro ya haddace lambar ɗaki da wurin taruwar.

4. Mai jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Idan tashin zuciya ya zo, a fita sarari a kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, a sha citta. Kwanciya da waya a hannu ƙara shi take yi. Maganin hawan jini da na suga na Hajiya su zauna a jakar hannu, domin manyan akwatuna kan yi awoyi kafin su iso ɗaki, kuma asibitin jirgi tsada gare shi. Wanda ya san ba ya jure kaɗawar ruwa ya zaɓi Nilu, kogi ne, ba igiyar teku.

5. A shirya wa salla. Alƙibla tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya juya, lokutan salla ma suna gusawa daga gari zuwa gari, don haka jadawalin masallacin unguwa ba zai yi aiki ba. A tambayi teburin karɓar baƙi ko akwai ɗakin salla, a kuma duba alƙibla kafin kowace kabbara. Hukuncin ƙasaru da na yin salla a zaune in ruwa ya yi ƙarfi, a ji su daga bakin malami tun ana Gombe. A saka ƙaramar buta a kaya. Masan jirgi da iska take zuƙe ƙazanta, auduga ko ƙunzugun yaro guda ɗaya na iya toshe na ɗakuna da yawa.

6. Uwargida, a bar kaskon turare a gida. Ba abin da matuƙa jirgi ke tsoro kamar gobara, shi ya sa ake hana garwashi da kyandir da dutsen guga, kuma kowane ɗaki na da na'urar jin hayaƙi. Humra da turaren fesawa sun wadatar.

7. Wajen abinci a tambaya, kada a yi zato. A jirgin da ba na ƙasar Musulmi ba, a sanar da kamfani tun wajen biya cewa halal ake so, in ba a samu ba ga kifi da ƙwai da ganye. A tambayi ko an sa giya a miya ko a kayan zaƙi. Kilishi da dambun nama kuwa, a bincika kafin a ɗauka, don ƙasashe da dama ba sa barin a shiga da nama. A wanke hannu da sabulu kafin kowane cin abinci. Cutar amai da gudawa saurin yaɗuwa take a inda dubban mutane ke cin abinci wuri guda.

8. A fito a ci moriyar abin da aka biya. Kowace yamma ana fitar da jadawalin gobe, a takarda ko a manhajar jirgin. Iyali su zauna bayan isha'i, kowa ya zaɓi abu ɗaya nasa, sannan a ajiye abu ɗaya na kowa da kowa. Manyan jirage na da sashen yara mai masu kula, ana raba su bisa shekaru. A je a gani da ido kafin a bar yaro. Mata su tambayi ko akwai lokacin da aka keɓe musu a wurin iyo ko na motsa jiki. Maigida ya zagaya saman jirgi bayan asuba, lokacin babu cunkoso, ya ga fitowar rana a kan ruwa. A jirgin Nilu kuwa, kada barci ya sa a rasa wucewa ta Esna, inda ake rufe jirgi tsakanin ƙofofi biyu a ɗaga ruwa ko a sauke shi kafin ya wuce. Darasi ne ga yara da babu littafin da zai ba su. Ba dole a halarci komai ba. Wasan da bai dace da tarbiyyar gida ba a bar shi, babu mai tambaya. A ganina, zaman shan shayi da iyali a buɗaɗɗen wuri, ba baƙo ba kiran kasuwa, shi kaɗai ya biya rabin kuɗin.

9. A sa ido kan kati. Katin ɗaki shi ne makulli, shi ne kuma aljihu, kuma da yake ba a ganin kuɗi suna fita, hannu kan saki. Hotuna da lemo da tausa da intanet galibi daban ake biyansu, wasu kamfanoni kuma suna ƙara ladan ma'aikata kullum a kan kowane fasinja. A rufe katin yara ko a ƙayyade shi, a duba lissafi kowane dare. Da an bar gaɓa a kashe layin waya, domin ta tauraron ɗan'adam ake haɗa shi a teku, ko amsa kira ma sai an biya.

10. Ranar sauka gari a bi agogon jirgi, ba na waya ba, don waya kan sauya lokaci da kanta. A rubuta lokacin dawowa, a dawo da sauran awa guda. Idan kun fita da kanku kuka tsaya ciniki a kasuwa har lokaci ya wuce, jirgi ba zai jira ba, kuma ku za ku biya kuɗin riskarsa a tasha ta gaba.