Lambun Makaranta a Ƙasar Kankiya da Kusada

Kowane malami da aka ba riƙon makaranta yana so baƙo ya shigo ya tarar da farfajiya kore shar, da furanni a bakin ajujuwa. Wannan buri ne mai kyau. Amma in mun bi makarantun ƙasarmu a watan Maris, abin da mukan tarar shi ne kunyoyi busassu, da duwatsun da aka jera aka shafa wa farar ƙasa, ba ko ganye ɗaya a tsakaninsu. An sayo furanni daga Kano ko Kaduna da damina, yara sun yi ta jidar ruwa har kaka, sa'an nan aka tafi hutu, rijiya ta ja baya, akuya ta gama da sauran. Makasudin wannan darasi shi ne mu nuna cewa maganin wannan hasara yana bayan gari, watau ƙananan itatuwa da ciyayin da Allah ya halitta a ƙasarmu, waɗanda ke mutuwa a ido da rani su farfaɗo da kansu kowace shekara.

Kowace ƙasa da tsironta

Akwai wani itace da Turawa ke kira fayin, mai ganye siriri kamar allura, wanda ke cika duwatsun Turai da na Amurka. Masu lambu a waɗannan duwatsu sun daɗe da gane cewa furen kwari ba ya yi musu, domin sanyi yana da tsanani, ƙanƙara tana rufe ƙasa watanni, inuwar fayin kuwa ba ta yankewa. Saboda haka sukan nemi tsiron da ya saba da gindin fayin tun asali, shi suke dasawa. A Nijeriya ma an kawo fayin daga ƙasashen waje an dasa a Jos da Afaka kusa da Kaduna. Ya yi kyau a Jos domin tudunta ya kai ƙafa 4,000 bisa teku, ruwanta kuma yakan kai inci 50 a shekara.

To, mu fa? Kankiya tana kan hanyar Katsina zuwa Kano, Kusada kuwa tana gabas da ita. Tudunmu bai kai ƙafa 2,000 ba. Ruwanmu yakan tsaya wajen inci 25 zuwa 30, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, sauran watanni sai hunturu da bazara. Ƙasarmu jigawa ce mai rairayi, wani wuri fako da marmara. Wanda ya kawo fayin nan ya ɓata kuɗinsa. Abin da za mu ɗauka daga mutanen duwatsu shi ne dabararsu: kowa ya dubi abin da ƙasarsa ta riga ta karɓa. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ba mu ce baƙo duk abin ƙi ne ba. Bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, daga Indiya ya fito, an fara dasa shi a Barno a 1928, ga shi yau shi ne inuwar kowace kasuwa. Zogale ma daga can yake. Sai dai makarantar da ba ta da kome sai bedi ta bar yaranta ba su san dukiyar dajinsu ba.

Na shinge

Lambu ba shinge kiwon akuya ne, don haka da shinge za a fara. Abu biyu kakanninmu suka dogara gare su, aguwa da dashi. Dukansu ba a shuka irinsu, reshe ake sarewa a kafa. Lokacinsa ƙarshen bazara ne, kafin ruwan farko. A sari reshe mai tsawon ƙafa 2 ko 3, a bar shi a inuwa kwana kaɗan bakin ya bushe, kāna a kafa shi kusa da kusa. In an jira sai ƙasa ta jiƙe sharkaf, da yawa sukan ruɓe. Dabba ba ta cika damuwa da aguwa ba saboda farin ruwan da ke jikinta. Dashi kuwa ƙaya gare shi, ƙaronsa kuma yana da ƙanshi. Inda ake son shinge mai ba da abin taɓawa sai a haɗa da magarya, amma a fasa ƙwallon a fitar da ƙwayar kafin a shuka, in ba haka ba takan daɗe ba ta tsiro ba.

Na jikin lambu

Sabara ita ce ta farko. Mun raina ta domin yawanta, alhali kuwa ganyenta mai ruwan toka yana nan a kanta sa'ad da kome ya bushe. Iyayenmu mata sun san ta wajen wankan jego da ciwon ciki, makiyaya kuma suna turara ta don korar ƙuda daga garke. Akwai wani aiki nata da ido ba ya gani. Saiwarta tana nitsewa ƙasa ƙwarai, da dare takan jawo ruwa daga can ƙasa ta saki wani a rairayin sama. Masana sun gwada wannan a Sanagal, suka shayar da saiwarta ta ƙasa da ruwa mai alama, ba a jima ba suka sami alamar a jikin geron da ke kusa da ita. An bayyana wannan gwaji a 2018. Ashe abin da muke sarewa muna ƙonewa da sassabe mai ban ruwa ne da ba ya karɓar lada.

Kalgo ma yana wannan aiki. Ganyensa tsage yake biyu kamar kofaton raƙumi, yara ba sa mance shi in sun gani sau ɗaya. Ɓawonsa igiya ne, 'ya'yansa abincin shanu. Irinsa yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi an bar shi ya kwana.

Geza ita ce ta fako. Inda marmara ta fito fili, kome ya ƙi, nan take jin daɗi. Da tsumagunta ake saƙa akurki da kwando da gindin rumbu. Mutanen Sanagal da Mali suna dafa ganyenta su sha kamar shayi, suna kiranta kinkeliba.

Masu neman fure kuwa, ga runhu, wanda ke rufe kansa da fure rawaya tsakiyar rani. Ga kuma kariya, mai kumburarren gindi inda take ajiye ruwa. Takan zubar da ganye ta fito da fure ja-ja mai haske a lokacin da ƙura ta rufe gari. Masu lambu a Turai da Asiya kuɗi suke sa wa su saye ta a tukunya. Amma lalle malami ya sani ruwan jikinta dafi ne. A dasa ta gaban ofis inda ido ke kai, a nisanta ta daga ajin ƙananan yara. Tumfafiya kada a dasa ta sam, gama ruwanta yana ɓata ido, kuma ba ta jiran gayyata.

Inda ruwan indararo ke taruwa a sa gwandar daji da lalle. Lalle tsohon baƙo ne da ya zama ɗan gida, reshensa ake dasawa, furensa kuwa yana cika farfajiya da ƙanshi da maraice.

Ciyayi masu komowa

Gamba ita ce sarauniyarsu. Ba a shuka ta kowace shekara, gindinta yana nan a ƙasa yana jiran ruwa. Da damina ta kama sai a haƙo gindi ɗaya, a raba shi gida huɗu ko biyar, a dasa a jere ta gefen da ruwa ke gangarowa. Za ta tare ƙasa kada ta zaizaye, da kaka kuma a yanke ta a yi zana. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san alƙalamin da ake feƙewa daga karanta.

Albasar kwaɗi takan kwanta a ƙasa rani duka kamar ta mutu, ruwan farko na sauka ta fito da farin fure mai ratsin ja. Ba a cin ta, a gaya wa yara haka. Zabuwa da moda suna riƙe ruwa a ganyensu, sun dace da gindin bango. Yaɗiya kuwa a bar ta ta hau shinge, tana kore har da rani, ganyenta kuma ana kwaɗo da shi.

Yadda za a yi aikin

Kafin a nemo kome, malami ya zaga filin makaranta da ɗalibansa a ƙarshen rani su ƙirga kututturen da ke toho. Yawancin filayenmu cike suke da saiwar sabara da kalgo da magarya masu rai, sara ne kawai ya hana su tashi. A zaɓi reshe 3 zuwa 5 mafi ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kewaye shi da ƙaya. Wannan ita ce dabarar da manoman Maraɗi suka kama tun daga 1983, tare da wani Bature mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suna kiranta sassabin zamani. Da ita aka maido da itatuwa a gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Toho daga tsohuwar saiwa ya fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba, domin ya tarar an riga an haƙa masa rijiya.

Abin da babu shi a filin, shi za a nemo. A yi dashe a watan Yuli, bayan ruwa ya zauna, domin tsiro ya sami wata biyu yana kafa saiwa. A bar gindin da ɗan kwari don ruwa ya tsaya, a rufe shi da busasshiyar ciyawa. Ranin farko kaɗai zai nemi taimako, ruwan alwala da na wanke allo ma ya isa. Kada kuma a tumɓuke abu daga gonar wani ba da izini ba, ko a kwashe gindin gamba duka daga wuri ɗaya.

Amfaninsa ga karatu

A 1916 wani likita, Dalziel, ya buga littafi na sunayen tsire-tsire da Hausa, ya tattaro su daga bakin manoma da makiyaya da masu magani. Abin kunya ne a ce baƙo ya rubuta sunayen, jikokin masu sunayen kuwa ba su iya nuna itacen ba. A ƙasar Kankiya akwai garin Tafashiya da na Rimaye. Ɗalibai nawa ne suka san tafashiya itace ce mai son bakin rafi? In itace ya ɓace, sunansa da maganinsa da karin maganarsa duk tare suke tafiya. Saboda haka kowane tsiro a lambu a kafa masa ɗan allo da sunansa, kowane aji a ba shi nasa kason ya riƙe, a kuma roƙi wani dattijo daga cikin gari ya zo ya faɗi amfaninsu yara su rubuta.

Tambayoyi

1. Don me fayin ya yi a Jos, ba zai yi a Kusada ba?
2. Wane lokaci ake kafa aguwa da dashi, kuma don me?
3. Faɗi tsiro biyu na cikin darasin nan da ya kamata a nisanta da ƙananan yara.
4. Ƙirga kututturen da ke toho a filin makarantarku, ka rubuta sunayensu, ka kawo wa malaminka.