Komawa Aiki Bayan An Sauya Wa Mutum Gwiwa

Idan gwiwa ta lalace ƙwarai, likita yakan fere bakin ƙasusuwan da suka cinye, ya sa musu ƙarfe da roba. Mai aikin zaune, kamar magatakarda, yakan koma ofis bayan mako 6 zuwa 8. Manomi kuwa, ko ɗan dako, sai ya yi wata 3, wani ma ya fi.

Abin da ya fi wuya shi ne durƙuso. Saboda haka ya kamata Hakimi ya yafe wa irin wannan ma'aikaci faɗuwa gaisuwa, a ba shi kujera, a fara masa da rabin yini. In sharaɓarsa ta kumbura tana zafi, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe, gama jini yakan daskare cikin jijiya har ya yi kisa.