Kowa Darakta, Wa Zai Riƙe Makirfo?

Saƙon wannan makon daga Ƙofar Marusa ya fito, cikin birnin Katsina. Mai saƙon ɗalibi ne, ya roƙi kada in ambaci sunansa ko na makarantarsu. Ga abin da ya ce, na ɗan rage masa tsawo:

"Malam, mu takwas aka haɗa, maza biyar mata uku, aka ce mu kawo fim na minti goma cikin mako shida. Yanzu saura mako biyu, sin uku kacal muka ɗauka cikin goma sha ɗaya. Ni na rubuta labarin, shi ya sa na ɗauka ni ne darakta. Mai kyamarar ya ce tunda kayansa ne, shi ke da ta cewa. Wanda ya fi mu zuba kuɗi kuma ya kafe sai shi zai fito jarumi. Ranar Asabar mun fita bakin ƙofa tun ƙarfe tara, ba mu fara ɗauka ba sai bayan azahar. Da muka koma muka kunna, ba a jin komai sai ƙarar babura. Mutum biyu sun daina ɗaga wayata. Ina mafita?"

Ɗana, na karanta saƙonka sau biyu, kuma babu abin da ya ba ni mamaki a ciki. Wannan ciwon na sha ganinsa wurin ɗalibai, na kuma gan shi wurin waɗanda suka girme ku a sana'ar. Aikinku ya fara tangarɗa tun zaman farko, ranar da kuka tashi ba tare da an ɗauki biro an rubuta "wane, aikinka kaza" ba. Na san abin da ya hana. Abokai ne ku, kuma a garinmu ka dubi idon abokinka ka ce masa shi ne mai riƙe makirfo, ji ake kamar ka rage masa daraja. Sai aka rufe taro da "ai duk tare za mu yi", kowa ya tafi da fahimtarsa. Ka tuna gayyar noma. Ita ma tare ake yi, amma ana jeruwa ne kowa ya kama kunyarsa har ya kai ta ƙarshen gona. Ku kuwa ɗayar kunyar ce ta kama ku, ta jin nauyin juna, har aka wayi gari mutum uku na takara kan kujera ɗaya, ayyuka biyar na kwance babu mai su.

Bari mu fara da kai, tunda kai ka kawo ƙara. Rubuta labari bai mai da mutum darakta ba. Misalin yana nan gida: Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, shi ya rubuta wasan Kulɓa Na Ɓarna, amma da aka zo mai da shi fim, Brendan Shehu ne ya ba da umarni. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, kuma daga shi ake fara lissafin finafinan bidiyo na Hausa, Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni. Ba na ce ka sauka ba. Cewa nake ku gwada. Ku ɗauki sin guda, duk mai son kujerar ya tashi gaban sauran ya faɗi abin da sin ɗin ke nufi a jimla biyu, ya nuna inda kyamara za ta tsaya, da inda jarumi zai shigo, da abin da yake so mai kallo ya ji a ransa. Wanda ya iya wannan ba tare da kame-kame ba, kuma yana da haƙurin maimaita magana sau biyar bai ɗaga murya ba, shi za ku ba. In kai ne, madalla. In wani ne, ka zauna kusa da shi da takardarka, akwai aiki mai yawa a nan.

Da zarar an zaɓa, magana ta ƙare. A lokeshin murya ɗaya ce ke cewa "akshin", ita ce kuma ke cewa "kat". Mai shawara ya matso kusa da darakta ya faɗa masa a kunne, kada ya ɗaga murya gaban 'yan wasa. Ɗan wasan da mutum uku suka gaya masa abu uku, daskarewa yake yi, kuma kyamara ba ta ɓoye daskararriyar fuska.

Mai kyamara yana da haƙƙi, kada ku raina shi. Haƙƙinsa shi ne a kula masa da kayansa, kada a bar su cikin rana da ƙura, kuma ku amince tun yanzu cewa in wani abu ya lalace, karo-karo za ku yi ku gyara. Yana kuma da ikon cewa hasken nan bai yi ba, ko hoton nan ya girgiza a sake. Amma abin da za a ɗauka da yadda ɗan wasa zai yi, wannan na darakta ne. Mai kuɗin kuma, ni da zan ba ku shawara, ku naɗa shi furodusa, ku kuma fahimtar da shi girman kujerar: shi ne mai riƙe asusu, mai neman izini, mai tabbatar da mota da ruwa da abinci. In duk da haka yana son fitowa, ya tsaya a gwada shi kamar kowa. Kuɗin da kowa ya zuba a rubuta shi a littafi, a karanta gaban kowa. Rabin rigimar 'yan fim daga kuɗin da ba a rubuta ba take tasowa.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, wato sauti. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, amma minti ɗaya ya yi bai ji abin da ake faɗa ba, ya tafi. Kun kai kanku bakin Ƙofar Marusa da tsakar rana, inda babura da Keke Napep ba sa yankewa, ga janareton masu shago, ga lasifikar masu talla, kuka kuma dogara da makirfon da ke jikin kyamara, tana can nesa da bakin mai magana. Dole abin da ya faru ya faru. Ku ware mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai sauti. Ba sai kun sayi komai ba: waya ta biyu ta isa, a sa ta a aljihun gaban rigar mai magana, ko a ɗaura ta a sanda a miƙo ta saman kansa inda hoto bai kai ba. Mai sautin ya sa abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe. Kafin kowace ɗauka wani ya tsaya gaban kyamara ya faɗi lambar sin, ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi. Da wannan tafin edita zai daidaita murya da leɓe. In an gama da wuri, kowa ya yi tsit na daƙiƙa talatin a naɗi iskar wurin, domin cike giɓi wajen haɗawa. Sannan ku ba mai sauti ikon da ba ku ba kowa ba bayan darakta: ya ɗaga hannu ya ce a dakata, mota na wucewa. Kwana ɗaya kafin ɗauka ya je wurin a daidai lokacin da za ku yi aiki, ya tsaya ya saurara. In wurin bai yiwuwa, ku ɗauki hoton ƙofar kawai da sassafe, maganar ku kai ta cikin lungu ko zauren wani gida.

Akwai wata kujera da ɗalibai ba sa tunawa da ita sai ta cije su, wadda 'yan fim ke kira kwantiniti. Na taɓa zama gaban kwamfuta da wasu matasa muna haɗa wani ɗan fim. Jarumi ya yi sallama a ƙofar gida da hula zanna buka mai ruwan ƙasa, ya sa ƙafa cikin zaure sai ga shi da farar hula, domin kwana huɗu ne tsakanin ɗaukar waje da ta ciki. Ɗakin ya yi shiru. Yaron da ya fito a sin ɗin ya riga ya tafi hutu garinsu, babu halin sakewa, dole muka yanke shigowar gaba ɗaya, labarin ya rasa wata gaɓa mai kyau. Har yau in na tuna ina jin zafin abin. Maganinsa bai fi ƙarfin kowa ba: mutum ɗaya da littafi da waya, yana ɗaukar hoton kowane ɗan wasa kafin a fara, yana rubuta launin mayafi, da hannun da aka riƙe kofin shayi, da ɗaukar da darakta ya ce ita ce mai kyau.

Batun fita ƙarfe tara a fara bayan azahar kuwa, rashin mataimakin darakta ne. Shi ne mai agogo. Tun daren jiya yake tura wa kowa takarda: gobe sin kaza da kaza, wuri kaza, wane ya zo da riga kaza, ƙarfe bakwai. Shi zai tsara aiki ya zagaye lokutan sallah, ya kuma san cewa ranar Katsina in ta take tsaka tana zuba inuwa a ramin ido, don haka aikin waje na safe ne da bayan la'asar. Sin ɗin da mata ke ciki a fara da shi, su koma gida kafin magariba, iyaye su ƙara yarda da ku gobe. A nan zan ɗan tsaya. Na lura in an zo rabon aiki, sai a tura wa mata kwalliya da dafa abinci ba tare da an tambaye su ba. Su ma maki suka zo nema, sana'a suka zo koya. Cikin ukun nan wataƙila akwai wadda ta fi ku duka iya riƙe lokaci, ko kunnen sauti, ko haƙurin zama gaban kwamfuta. Ku tambaya.

Furodusa ya je ya gaida mai unguwa kafin ku kafa kyamara a kowane lungu, ya yi wa masu shagunan kusa bayani, kuma kada a ɗauki fuskar kowa ko ƙofar gidan kowa sai da yardarsa. A halin da ake ciki, baƙin fuskoki da kyamara a unguwa suna tayar da hankalin mutane, kuma suna da gaskiya.

Memori kuma amanar edita ce. Kowace yamma, kafin kowa ya tafi, a kwafe aikin ranar wuri biyu, a buɗe a tabbatar yana kunnuwa, sannan a goge kati.

Za ka ce kujerun sun yi yawa. Lissafa: darakta, furodusa, mataimaki, mai kyamara, mai sauti, mai kwantiniti, edita. Bakwai ke nan, na takwas ya riƙe sutura da kayan wasa. 'Yan wasa ku nemo su daga waje, ko wanda aikinsa bai cika a lokeshin ba, kamar edita, ya taimaka. Wanda ke ganin an ba shi ƙaramar kujera, ka ba shi labarin Oumarou Ganda na Nijar. Ɗan wasa ne a fim ɗin Jean Rouch a 1958, ya yi shekaru yana koyon aikin bayan kyamara a Yamai, sai ga shi a 1972 fim ɗinsa ya ɗauki babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu, shi ne na farko da aka taɓa ba. Kujera ana juya ta, amma daga fim zuwa fim, ba a tsakiyar aiki ba. Wanda ke ganin rashin kayan aiki ne matsalar kuma, ya nemi labarin yaran nan na Kaduna masu kiran kansu The Critics, waɗanda duniya ta san su a 2019 da finafinan da suka ɗauka da waya mai fasasshen gilashi.

Mutum biyun da suka daina ɗaga waya, kada ka bi su da dogon rubutu a WhatsApp, kada kuma ka kai ƙararsu wurin malami tukuna. Taka ka je har gida. Mafi yawan wanda ya janye daga aikin rukuni, ya gaji ne da tsayuwa cikin rana yana kallon wasu na gardama, ba a ba shi abin yi ba. Ka ba su haƙuri kan naka laifin, ka kuma je musu da aiki a hannu, mai suna, wanda za a rubuta a ƙarshen fim. In bayan haka suka ƙi, to littafin mataimakin darakta yana nan, da sunan wanda ya zo da wanda bai zo ba, shi za ku miƙa wa malaminku tare da fim ɗin, ba tare da ƙari ko ragi ba.

Saura abu mai ɗaci, kuma kai zai fi yi wa ɗaci. Sin takwas ba za su ɗauku da kyau cikin lokacin da ya rage ba, alhali edita na buƙatar mako guda cur. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne, don haka in labarinka ya haura shafi goma, ya riga ya yi kiba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ka zauna da darakta ku rage, ku haɗe abin da zai haɗu, ku mai da wuraren ɗauka biyu ko uku, ku gama cikin kwana huɗu. Sin ukun da babura suka cinye, ku saurare su da kyau: wanda za a iya sake naɗar muryarsa a ɗaki mai shiru a yi, wanda ba zai yiwu ba a sake shi.

Don Allah kada ku sake fita da kyamara sai kun yi wannan zaman. Ka kira su gobe bayan la'asar, ka zo da takarda da biro, kowa ya ga sunansa da aikinsa ya sa hannu, har da ranar da za a miƙa wa edita kaya. In kun gama fim ɗin, ka turo mini in gani, zan fara duba sunan mai sauti. Allah Ya ba ku sa'a.